Muryar Jatau a Cikin Gora

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya halicci harshe ya ɓoye shi bayan haƙora, ya halicci kunne ya bar shi a fili. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka, ni Haladu ɗan Barmo, mutumin Rafin Gawo, wanda ya taka ƙasashe goma sha ɗaya da ƙafarsa, ya ƙetare koguna bakwai, wanda a yau zuwa ƙofar zaure ta zame masa tafiya, na ɗauki alƙalami in rubuta labarin abokina Jatau da muryarsa, tun abin bai gama tsiyayewa daga kaina ba. Shekaranjiya na nemi sunan ƙanwata na rasa, bai dawo min ba sai bayan la'asar. To kafin Jatau ma ya bi sahu, gara in ajiye shi a takarda.

Mahaifina malami ne, a gabansa na yi karatu, kuma Allah ya ba ni saurin riƙewa. Ina ɗan shekara ashirin, ko ashirin da biyu, ya tara mutanen gari ranar da na sauke wani babban littafi, aka shimfiɗa tabarmi, aka dama kunu, ya ce in tashi in yi wa jama'a bayanin babi ɗaya. Babin nan na san shi kamar hanyar ɗakin mahaifiyata. Na miƙe, na dubi mutane, sai na ga babu komai a duniya sai idanu. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fito. Na sake buɗewa, haka. Gwiwoyina suka shiga kaɗawa, harshena ya manne a dasashi. Wani daga baya ya ce, "A ba shi ruwa mana." Aka yi dariya, ba ma ta mugunta ba. Mahaifina ya sunkuyar da kai, ya karanta babin da kansa.

Daga ranar mutanen Rafin Gawo suka sa min suna Malam Shiru. Mutum ɗaya, ina iya magana da shi. Biyu, da ƙyar. Da zarar sun kai uku, maƙogwarona ya rufe. Bayan rasuwar mahaifina na ji labarin Birnin Kandarma, can bayan faɗuwar rana, inda aka ce akwai ɗakin littattafai da mutum zai shekara bai kai ƙarshensa ba. Na ce a raina, littafi ba ya kallon mutum. Na ɗaura gafaka na fita.

A bakin kogi na farko, muna jiran mai fito, na tarar da mutane sun kewaye raƙumin wani falke, cikinsa ya kumbura, yana kwance yana nishi. Kowa na faɗin nasa. Ni na san maganin, amma mutane sun fi talatin. Sai na ji kaina ina gunguni, "Da za a jiƙa kanwa a ɗura masa, a tashe shi a zaga da shi."

Wani gajeren mutum mai faɗin ƙirji da ke tsaye a damata ya sa tafin hannu a bayan kunnensa, ya yamutsa fuska. "Iye? Me ka ce, Malam?"

Na matsa na faɗa masa a kunne. Sai ya cika ƙirji ya saki wata murya da ta tashi tsuntsayen ƙetaren kogi: "Jama'a, a saurara! A jiƙa kanwa! A ɗura masa! A tashe shi a zaga da shi!" Aka yi haka. Kafin jirgin fito ya iso raƙumi ya saki iska mai ƙarar ganga, ya miƙe yana neman ciyawa.

Wannan mutum shi ne Jatau. Sanƙira ne a garinsu, wato mai tsayawa kusa da liman wurin ɗaurin aure ko raɗin suna, liman ya faɗi magana a hankali, shi ya ɗaga ta ga jama'a. An sallame shi ne saboda yakan ƙara nasa. A cikin jirgi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Malam, kai kana da magana ba baki. Ni ina da baki ba magana. Ina ka nufa?"

"Kandarma," na ce.

"Ban taɓa jin ta ba. Mu je."

Haka muka yi shekara uku a hanya, ko huɗu. Kullum yana damata, kunnensa na hagu na daidai bakina. Kunnen nan yana da ɗan giɓi a sama, inda jaki ya cije shi yana yaro, kuma na fi sanin giɓin nan fiye da fuskar kowa a duniya. In aka tambaye mu abu, in sunkuya in raɗa, shi ya ɗaga. In na cika yin ƙasa da murya sai ya sa hannu a bayan kunnen, ya ɓata fuska, ya ce, "Ɗaga, Malam, ba shawarar sata muke ba."

Mun ga abubuwa. A ƙasar gishiri 'yan fashi masu dogayen wuya suka kama mu, suka ɗaure mu a gindin wata bishiya. Na lura shugabansu yana riƙe da kumatu yana zagin kowa. Na raɗa wa Jatau cewa haƙori ne, kuma ina da kanumfari a gafakata. Jatau ya shelanta cewa ga babban malamin haƙora na ƙasashen gabas, amma maganinsa ba ya ci sai duk wanda ke wurin ya kifa fuska a ƙasa ya ƙirga dubu. Kanumfarin nawa ne, ƙirgan dubun nasa ne. Aka kwance mu, na danna wa mutumin kanumfari a kogon haƙori, suka kifa suna ƙirga, mu kuwa muka haye bayan wani kunkuru mai girman rumbu da suke ɗora wa kaya, ya shiga da mu cikin fadamar gishiri inda ƙafar mutum ba ta iya bi.

Daga nan muka ratsa Kwarin Amo. Duwatsun wannan kwari suna riƙe magana shekara guda cur kafin su mayar da ita. Kana tafiya kana jin muryoyin waɗanda suka wuce bara war haka, wani na kiran jakinsa, wata na yi wa mijinta faɗa, wani na gargaɗi kada a sha ruwan rijiya ta biyu. Ba mu sha ba. Jatau ya ga wurin zuwa. Ya gaida duwatsu, ya ba su tarihin kakanninsa, ya yi musu kirari. Sannan ya juyo ya ce da ƙarfi, "Malam, kai ma ka ce wani abu mana, a san ka wuce!" Na dubi duwatsun nan jere kamar dattawa a zaure, na tuna wasu za su ji baɗi. Na yi shiru har muka fita.

Mun isa Kandarma da hantsi. Birni ne a gaɓar wani babban kogi, kewaye da itatuwan dabino iya ganinka, dogaye, koraye, amma babu ɗa ko ɗaya a kansu. A tsakiyar birnin akwai dandali da ya gangara har bakin ruwa, a samansa kuma an kifa wani turmin dutse wanda tsawonsa ya fi mutum, da matakala a gefe. Al'adarsu ita ce, baƙo ba ya shiga ɗakin littattafai sai ya hau wannan turmi ya gaya wa mutanen gari abu ɗaya mai amfani da ba su sani ba. Mai kula da wannan al'ada shi ake kira Magajin Dandali, wani dogo mai ƙananan idanu. Sunansa na yanka ya ɓace min. Na tuna dai yana da tsawo.

Tun a hanyar shiga na lura da kututture da yawa a cikin gonakin dabino. Na tambayi wani manomi, shi kaɗai, ya ce min shekaru bakwai da suka wuce dattawan gari suka ba da umarni a sare duk itacen da ba ya 'ya'ya, tunda yana shan ruwa a banza. Aka sare. Tun daga nan sauran ma suka daina haihuwa, kuma har yau ba a san dalili ba. Ni kuwa na san dalili, don na zauna da masu noman dabino a wata ƙasa.

Muka hau turmi tare, kamar yadda muka saba. Na ɓoye fuska a bayan kafaɗar Jatau na fara raɗa, shi yana ɗagawa. "Ya mutanen Kandarma! Dabino yana da mace yana da namiji! Waɗanda kuka sare mazan ne! Namiji ba ya 'ya'ya, amma in babu garin furensa mace ba ta haihuwa! Ku nemo furen namiji a daji, ku ɗaura a cikin furen mace!" Dandali ya ɗauki sowa. Tsofaffi suna kuka. Jatau ya buɗe hannuwa yana karɓar yabo kamar shi ya dasa dabinon farko.

Magajin Dandali bai yi sowa ba. Ya hau matakala a hankali, ya kama hannun rigata, ya ja ni gefe taku uku. Sannan ya ce wa Jatau, "Baƙo, madalla. Furen namijin nan, yaya kamarsa, don mu gane shi a daji?"

Jatau ya waigo ya ga na yi nisa. Maimakon ya ce bai sani ba, sai ya gyara tsayuwa. "Ja ne, ranka ya daɗe. Ja wur, kamar zankon zakara."

Wani tsohon manomi ya ɗaga sanda daga ƙasa. "Ƙarya ne! Ni na sare su da hannuna. Fari ne, mai gari kamar na gero."

Magaji ya ce, "Na ga leɓen wancan yana motsi a kunnenka. A Kandarma mutum ba ya magana da bakin wani, ba ya kuma ɗaukar maganar wani ya ce tasa ce. Kakanninmu sun taɓa halaka a kan saƙon da mai kawo shi bai san ma'anarsa ba. Wannan shi ne aron baki, kuma hukuncinsa sananne ne."

Mu ba mu san hukuncin ba sai da muka gani. Aka kawo gora mai dogon wuya, aka sa masa a baki, aka ce ya faɗi sunansa. Ya ce, "Jatau ɗan..." sai sauran ya wuce cikin gorar. Nan take aka toshe ta da kakin zuma. Jatau ya buɗe baki, ya rufe, ya sake buɗewa. Iska kawai. Na san wannan iskar. Ban taɓa zaton zan ji ta daga bakinsa ba.

Magaji ya juyo gare ni. "Ranar kasuwa saura kwana uku. In mai maganar ya hau turmi shi kaɗai ya faɗe ta da bakinsa, daga farko har ƙarshe, har Uwar Gora ta ji shi daga bakin kogi, za a buɗe a mayar wa wannan muryarsa. In rana ta take tsaka ba a ji ba, gora ta bi ruwa."

Uwar Gora wata tsohuwa ce mai suna Tabawa, ita ke ajiyar gorunan a wata rumfa a bayan gidanta, kuma a gidanta aka sauke mu. Na tarar da goruna sun fi ashirin a rataye, kowace tana ɗan gunguni kamar ƙudan zuma a cikin tulu. Ta Jatau ta fi kowace motsi. Na kara kunne na ji muryarsa can ƙasa-ƙasa tana ta zuba, ba a gane kalma, amma na san mita yake yi.

Na ce, "Inna, waɗanda aka jefa a kogi fa?"

"Kifi ke haɗiye su, ɗan nan. Shi ya sa ba ma cin kifin kogin nan, surutu gare shi ko a cikin tukunya." Ta ci gaba da tsinkar zogale. "Shekara arba'in ina wannan aiki. Mutum uku na ga sun hau turmi don muryar wani."

"Sun yi nasara?"

"Biyu."

Jatau yana zaune a bakin rumfa ya haɗa kai da gwiwa. Mutumin da ko tuwo yake ci sai ya yi wa miya magana. Na je na zauna a hagunsa na ce, "Ka gafarce ni. Ni na jawo maka." Ya ɗaga kafaɗa, ya nuna ni, ya nuna bakinsa, ya nuna kogi, ya yi alamar kifi da hannu, sannan ya yi murmushi. Wato ya riga ya sallama. Ya san ni. Wannan murmushin ya fi min zagi ciwo.

Washegari da safe Tabawa ta ce, "Taho ka gwada a kan awakina, su ba sa dariya." Ta kifa min turmin dakanta a tsakar gida, ta tara awaki tara a gabana. Na hau. Na ce, "Ya mutanen..." sai awakin suka ɗago kai gaba ɗaya suka zuba min ido, suna tuƙa. Wani bunsuru ya yi atishawa. Na sauko.

"Subhanallahi," in ji Tabawa. "Har awaki?"

"Idanun ne, Inna."

"To rufe naka."

Na rufe ido na gwada. Ya fi muni, don a cikin duhu idanun sun fi yawa, har da na mutanen Rafin Gawo. Ta ce in juya wa awakin baya. Na juya, maganar ta fito, amma ta ce ko akuyar da ke kusa da ni ba ta ji ba. Muka yi ta yi har rana ta yi zafi. A kwana na biyu ta jiƙa min citta da zuma, ta sa na yi ta kiran sunana a cikin rijiya. Murya tana nan, rijiya ta shaida. Amma da maƙwabta uku suka leƙo ta kan katanga, ta gudu.

Da la'asar Tabawa ta zauna kusa da ni tana ɓare gyaɗa. Ta ce, "Wai ni kam, ɗan nan, shekara nawa kana yi wa wannan gajeren magana a gaban taro?"

"Uku. Ko huɗu."

"A gaban 'yan fashi ma?"

"Har a gaban 'yan fashi."

"Ba ka taɓa sarƙewa ba?"

"Ai ba da taro nake ba, Inna. Da shi nake."

"In kana yi, ina kake kallo?"

"Kunnensa. Na hagu, mai giɓin nan."

Ta ce, "Uhm." Ta watsa wa kaji ɓawon gyaɗa, ta tashi ta shiga ɗaki.

Ranar kasuwa dandali ya cika tun hantsi, daga gindin turmi har bakin ruwa, har kan katangu da rassan itatuwa. An ce min mutum dubu goma ne. Ni dai na ga sun fi haka. Tabawa ta ɗauki gora ta rungume, ta kama hannun Jatau, suka ratsa taro suka gangara. Magaji ya kafa sanda a ƙasa, ya ce in inuwarta ta shige ƙarƙashinta, lokaci ya cika. Saura kamar tsawon tafin hannu.

Na hau matakala. Bakwai ce, wannan ban manta ba, don a kowace na yi niyyar komawa. Na tsaya a kan turmi ni kaɗai, damata babu kowa, iska na shiga inda kafaɗar Jatau ta saba tarewa. Na ɗago kai. Idanu. Daga nan har kogi, idanu. Na buɗe baki, iska ta fito. Na ji gunaguni ya fara tashi a cikin mutane, kuma wallahi na ji wani ya ce, "A ba shi ruwa." Ko a Kandarma aka faɗa, ko daga Rafin Gawo ta biyo ni, har yau ban sani ba.

Na dubi sandar Magaji. Inuwa ta rage kamar yatsa uku. Na kai dubana can ƙarshen dandali don in ga gorar sau ɗaya kafin ta tafi. Sai na ga Tabawa ta hau da Jatau kan wani kifaffen kwalekwale a bakin ruwa, sama da kawunan mutane. Ta kama kafaɗunsa ta juya shi, ba ya fuskantata, gefensa na hagu ne ke wajena. Daga nisan nan bai fi girman ɗan yatsa ba. Giɓin kunnen ba zai yiwu a ce na hango shi ba, amma na hango shi.

Na ce a hankali, yadda na saba, "Jatau, dabino yana da mace yana da namiji."

Na gaba-gaba suka ce, "Me ya ce?" Can a kan kwalekwale sai na ga hannun Jatau ya tashi a hankali ya tafi bayan kunne. Ya karkata kai. Na san fuskar da yake yi ko ban gan ta ba.

Na ƙara ɗagawa. "Na ce dabino yana da mace yana da namiji!"

Hannu bai sauka ba. Har ma ya girgiza kai, irin na wanda aka ɓata wa lokaci. Sai wani haushi ya taso min daga ciki. Ni ina nan ina mutuwa a tsaye saboda shi, shi yana can yana min iye? Na cika ƙirji kamar yadda na ga yana yi shekara da shekaru, na ce, "Jatau! Kurma ne kai? Dabino yana da mace, yana da namiji! Mazan suka sare!"

Tsuntsaye suka tashi daga kan dabino. Na tsorata da jin abin da ya fito daga bakina, amma kafin tsoron ya kama ni maganar ta riga ta yi gaba, sai na bi ta. Na gaya wa kunnen nan yadda furen namiji yake, fari, mai gari, mai ƙamshi. Na gaya masa lokacin da ake yanko shi, da yadda ake hawa a tsaga kubensa a ɗaura reshe biyu ko uku a cikin furen mace, a kife, don garin ya zuba. Na gaya masa namiji ɗaya ya ishi mata da yawa, kuma kada a ƙara sare itace don ba a ga amfaninsa da ido ba. Mutanen da ke tsakanina da shi suka zama kamar gonar gero da mutum ke kiran ɗan'uwansa ta samanta. Can tsakiyar magana tsohon manomin nan ya ɗaga sanda ya yi tambaya, na dube shi ido cikin ido na ba shi amsa, na koma kan kunne. Sai daga baya na lura da abin da na yi.

Da na kai ƙarshe na yi shiru. Na dubi sanda, babu inuwa. Na dubi kogi. Tabawa ta ɗaga gorar sama da hannu biyu, ban san ko jefawa za ta yi ba. Sai ta sauke ta, ta sa ɗan yatsa ta ɓamɓare kakin, ta kafa wa Jatau a baki. Ya shanye kamar mai shan fura. Ya yi tari sau biyu. Sannan muryar nan da na sani ta ratso dandali gaba ɗaya:

"Malam! Ko sallama ba ka yi wa mutane ba!"

Kandarma ta fashe da dariya, har Magaji. Ni ma na yi dariya a kan turmi, a gaban mutum dubu goma, hawaye na zuba a gemuna. Na ce, "Salamu alaikum." Suka amsa gaba ɗaya, ƙasa ta girgiza.

Mun zauna a can har dabino ya haihu. Na shiga ɗakin littattafai na yi karatu, amma in ka tambaye ni yau abin da na karanta, kaɗan zan iya kawo maka. Ɗanɗanon dabinon farko da Tabawa ta kawo mana a faifai, shi yana nan a bakina. Na tambaye ta ko da gaske ta ji ni daga bakin kogi tun daga farko. Ta ce, "Ɗan nan, kunnena ɗaya ya mutu tun kafin a haife ka, amma ranar har shi ya ji."

A hanyar komawa muka shiga Kwarin Amo, kuma Allah ya sa ranar ta dace da ranar da muka wuce bara. Muka ji Jatau na bara yana gaida duwatsu, yana jero kakanninsa, Jatau na bana yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne, gaskiya ne." Sannan muryar ta ce, "Malam, kai ma ka ce wani abu mana, a san ka wuce!" Sai shiru ya biyo baya, shiruna na bara, dogo. Na bari ya ɗan yi tafiya. Sannan na ce, da ƙarfi, "Haladu ɗan Barmo ya wuce nan, shi da abokinsa."

Jatau ya ce, "Shi ke nan? Shekara guda kana shiri, iyakar abin da ka samo ke nan?"

Bayan wannan na yi magana a garuruwa da yawa, a masallatai da kasuwanni da gaban manya. Kada wani ya ce tsoron ya tafi. Bai taɓa tafiya ba, gwiwoyin nan sun yi ta kaɗawa har tsufa ya karɓe su. Sai dai duk inda za ni, Jatau yakan ratsa taro ya je can ƙarshe ya tsaya, ya ba ni gefen hagu. Ya daina ɗaga maganar kowa. Ya ce tasa ma ta ishe shi.

Ya rasu a Rafin Gawo da damina, shekara goma sha biyu ke nan, ko sha biyar. A maƙabarta liman ya ce in yi wa jama'a magana, tunda ni ne na fi kowa saninsa. Mutane sun taru da yawa, don babu wanda bai taɓa dariya a bakinsa ba. Na miƙe, na duba can ƙarshen taro inda ya saba tsayawa. Babu kowa sai wata bishiyar aduwa. Sai na tuna an kwantar da shi a kan damansa, yana fuskantar alƙibla, kunnen hagu ne a sama. Na dubi ƙasar da aka tara, na ɗaga murya yadda zai ji. Wannan karon da sallama na fara.

Nan alƙalamina ya tsaya. Abin da na tuna daidai, daga Allah ne. Abin da na rikita, tsufa ne, kuma da Jatau yana nan da ya gyara min, ya ƙara nasa. Wanda ya karanta ya yi masa addu'a, shi da Tabawa. In zai yi, ya ɗan ɗaga murya.